Kukan Rufin Motar Bashir

Tun da na dawo daga Kwatano mutanen da ke zama a bakin shagona suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce wai da gaske ne a can mata ke tuƙa babur, wani kuma tsaraba kawai yake nema, kai ka ce shi ya aike ni. Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi ana katse ni, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta. Amma in gaya muku tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba, kuma mai jiran abin dariya kaɗan zai samu.

Sunana Isiyaku, gyaran keken ɗinki nake yi a unguwar Maitumbi, a nan Minna. Yayana, Alhaji Mamman, yana unguwar Limawa, a gidan da mahaifinmu ya gina lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Ɗansa na fari shi ne Bashir, wanda Allah Ya yi wa rasuwa bara bayan gajeriyar rashin lafiya. Kun dai san al'adarmu a kan ɗan fari. Yaya bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in zai yi maganarsa sai ya ce mini "ɗanka". Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. A shagona ya yi wayo, ni na kai shi makaranta, ni na nema masa aure.

Sana'ar motoci Bashir ya yi, yana sayowa daga Kwatano tun kafin a hana shigo da su ta ƙasa. Duk abin da ya kawo sayarwa yake yi, in ban da guda ɗaya da ya riƙe wa kansa. Wata ja ce gajeriya mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda in ka zauna a ciki kamar a kan tabarma kake don kusancinta da ƙasa. Rufinta faifai biyu ne na baƙin gilashi mai kauri, ɗaya a bisa kan direba, ɗaya a bisa kan na gefensa, kowanne da sakatarsa. In ka ga dama ka ɓalle su ka ajiye a but, ka yi tafiyarka iska na dukan hula. Da aka raba gado motar ta faɗo cikin rabon Yaya.

Tun ranar jana'iza Yaya bai wuce masallacin ƙofar gida ba. Bai yi kuka ba, ya karɓi gaisuwa yana cewa sai haƙuri, har mutane na yaba ƙarfin zuciyarsa. Ni da na san shi ina ganin yana zubewa. Da ƙyar na lallaɓa shi wata safiya ya yarda in kai shi a duba masa hawan jini, na kuma zo da motar da nufin ya saba da ita. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani ɗan rami, sai rufin ya fara ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ a daidai kanmu. Ya ce in tsaya, na tsaya.

Ya ce, "Isiyaku, ba ka ji ba? Haka makarar ta riƙa yi."

Makarar masallacin unguwarsu ta gwangwala ce, in an ɗauke ta da nauyi haka take kuka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki Bashir, Yaya yana biye da mu a baya, ashe duk tsawon hanyar maƙabarta abin da ke shiga kunnensa ke nan. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya koma gida a ƙasa. Daga ranar ko masallacin ƙofar gida ya daina zuwa, a zaure yake salla. Ya ce kada a sayar da motar, kuma kada ya sake ganin ta. Na kai ta gidana a Maitumbi. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, in har rufin nan ya yi shiru Yaya zai fito. Ko tunanin daidai ne ko ba daidai ba, shi na riƙe, don ba ni da wani.

Na fara da makanikan gida. Na farko ya ɗebo giris baƙi ƙirin ya lafta wa robar da ke zagaye da faifan, ya ce an gama. Ta yi shiru har na isa gida, washegari ta dawo da kukanta har da ƙari. Na biyu ya ce giris ɗin ne bai isa ba, ya bi da baƙin mai. Ban ga laifinsu sosai ba, mu a nan duk abin da ya yi ƙara maganinsa mai ne, ni kaina haka nake yi wa keken ɗinki. Sai dai robar ta kumbura ta yi laɓa-laɓa, tana manne wa yatsa. Na uku ya yanko tsohon silifa ya cusa a kusurwa. Wani mai walda kuwa ya dube ni ido cikin ido ya ce in kawo ya ɗora mata farantin ƙarfe ya liƙe rufin gaba ɗaya, kowa ya huta. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi a nan ba, don yara na iya karantawa.

Na aika Legas a sayo mini sabuwar roba, aka aiko da ta ƙofar wata motar daban. Nan na tuna da wani Kofi da Bashir ke yawan ambata, mai gyaran irin waɗannan motoci a Kwatano. Abokan sana'ar Bashir suka ce in na isa Zangon Kwatano in nemi Malam Garba, mai masaukinsu, shi zai kai ni wurinsa. Na ɓalle faifan biyu, na naɗe su da bargo na ɗaure da igiya, na lulluɓe motar da tamfol saboda damina ce. A ganina tunda rufi ne ke kuka, rufi za a kai wa mai magani. Maiɗakina Balki kaɗai na gaya wa inda za ni.

Bayan sallar asuba na shiga keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Yaron mota ya ce a ɗora kayana a sama tare da buhunan doya, na ce sai dai in a ɗora ni tare da su. Ƙarshe dai kujera guda na saya musu a gefena, na ɗaura musu bel. Motar ba ta fita gari ba aka fara tsokanata, wai ga Alhaji da amaryarsa a lulluɓe. Wadda ta fi kowa baki wata 'yar Gbagyi ce daga wajen Paiko, ana ce mata Mama Ladi, mai fataucin atamfa da takalma, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar gonarta. Ta leƙo ta ce, "Baba, wannan matar naka bai gaishe mu ba." Mota ta kwashe da dariya. Na ɗaure fuska, don raina ba ya wurin wasa.

Sai da muka wuce Bida ta tambaye ni a hankali mene ne a cikin bargon, na gaya mata duka. Sai ta ce ita ma ta binne ɗa namiji, kuma har yau ba ta iya bin layin da makarantarsu take. Daga nan ba ta sake tsokanata ba. Duk ramin da muka tunkara sai in ga ta miƙo hannu ta dafe bargon ta nata ɓangaren, ni ina dafe da nawa. Hanyar Mokwa kuwa kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Wata tirela ta kwanta a tsakiyar titi, muka yi tsaye har rana ta karkata, masu tallar ruwa da gyaɗa suka ci kasuwarsu a kanmu. Da muka hau gadar Jebba na hango ta jirgin ƙasa, na tuna mahaifinmu da yadda yake ba mu labarinta ni da Yaya muna yara.

A Ilori muka kwana, a wani masauki kusa da tasha mai sauro kamar an aiko su. Abincin da na samu amala ce da wata koriyar miya mai yauƙi irin na kukarmu, amma babu daddawa, sai barkonon da ya sa na riƙa share hanci da hannun riga. Mama Ladi ta cinye nata tas ta ƙara, tana cewa ai wannan na yara ne.

Legas ba gari ba ne, hayaniya ce da aka yi wa gidaje. A tashar da ake hawa motar boda muna sauka 'yan tasha suka yo caa a kaina, wannan na jan bargon nan, wancan na jan sa can, kowa na cewa motarsa zan shiga. Igiyar ta kwance, faifai ɗaya ya zame ya tafi suuu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wallahi na ɗauka zuciyata ta tsaya. Mama Ladi ta buɗe musu wuta da wani yare da ban san tana ji ba, suka watse. Na durƙusa cikin taɓo na ɗago faifan na duba shi gaba da baya. Bai fashe ba, ɗan kwarzane ne kawai a gefe. Na goge shi da hulata, ban tashi daga wurin ba sai da ta kama ni ta ɗaga.

A bodar Seme aka duba fasfo da katin allura lafiya lau, kayan ne suka tsayar da ni. Wani mai kaki ya ce farantin sola ne, na ce rufin mota ne, ya ce shi bai taɓa ganin rufin mota a cikin bargo ba. Aka kwance a gaban jama'a ana yayyafi, mutane suka taru ana ta musu, har da mai cewa murfin firji ne. Sai wani babba a cikinsu, mai furfura, ya zo ya taɓa sakatar ya ce ya san irin motar. Ya tambaye ni ina ita motar take, na ce tana Minna. Ya daɗe yana kallona, kamar zai yi magana, sai kuma ya ce in ɗaure kayana in wuce. A lokacin ban gane kallon ba.

To, ga amsar masu tambaya. E, mata na tuƙa babur a Kwatano, da goyo a baya ma, kuma ba wanda ke juyowa ya kalle su. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, ana ce musu zemijan. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar man ja. Teku kuwa daga nesa na gan shi, ban je ba, amma gishirinsa na cikin iska, duk ƙarfen da ka taɓa ya yi tsatsa. A bakin babbar kasuwa muka rabu da Mama Ladi. Ta damƙa ni a hannun wani zemijan, ta ja masa kunne a kan kayana, ta ce mini Allah Ya sa Baba na Limawa ya fito. Ban sake ganin ta ba, ko lambarta ban karɓa ba, abin na damuna har yau.

Zango kamar an yanko wata unguwa ce daga gida an dasa a bakin ruwa: ga masu tsire, ga masu wankin hula, ga kiran salla. Hausarsu dai ta sha Faransanci, sai ka kasa kunne sosai. Malam Garba dattijo ne fari siriri, kakanninsa fataken goro ne daga Katsina, shi kuwa bai taɓa ganin Katsinar ba. Labarin rasuwar ya riga ya iso masa. Ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a, sannan ya kai ni wani ɗaki mai tabarma da fanka ya ce nan Bashir ke sauka, nan zan sauka. Na so in ce a sauya mini, kunya ta hana. Da safe aka kawo mini wani dogon burodi mai tauri kamar sanda, wanda ya kusa tafiya da haƙorina na gaba, da shayi a cikin kwano. Da rana kuma akasa, wato kamu ne aka dafa ya daskare aka naɗe a ganye, da soyayyen kifi da yaji. Kifin dai na yaba masa.

Garejin Kofi yana bayan gari, wajen filayen da ake tara motoci. Muka isa da azahar muka tarar an rufe. Malam Garba ya ce ai haka suke, in rana ta take kowa sai ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Na ce a Minna wanda ya rufe shago da tsakar rana ya tafi barci sai a ce a je a duba shi ko lafiya. Muka zauna a gindin wata bishiya muna jira.

Muna nan sai ga ayari da badujala da ganguna, maza da mata duk cikin atamfa iri ɗaya, ana rawa ana kuka a lokaci guda. Na ɗauka biki ne, Malam Garba ya ce gawa ce za a kai. Ya ce mamacin ya yi watanni a ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru, kuma za a yi kwanaki ana ambaton sunansa. Na ce subhanallahi. Namu shi ne daidai a addini, ban ja da wannan ba ko kaɗan. Amma ina zaune a wurin na tuna Bashir ya cika da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta mun wanke ƙafa. Yaya ko zama kusa da shi bai samu ya yi ba, yana zaure yana amsa sannu.

Kofi ya iso a kan wani tsohon babur. Ƙato ne baƙi mai furfura, yana jin Hausa daidai gwargwado saboda hulɗa da mutanenmu, inda ta ƙare masa Malam Garba ya cike. Na kwance bargon. Yana ganin faifan ya gane su, fuskarsa ta washe, ya ce wannan ai jar motar Bashiru ce. Na yi masa bayanin kukan, ya tambaya ina motar, na ce tana Minna. Ya yi dariya har da dafa gwiwa.

Ya ce, "Baba, ka kawo mini ƙofa ka bar ɗakin a gida. Faifai ba ya kuka shi kaɗai, inda ya haɗu da mota nan ne ke kuka."

Raina ya ɓaci, don na gane gaskiya ya faɗa, na kuma gane kallon mai furfuran boda. Na sha wahalar ɗauko abin da lafiyarsa ƙalau na baro marar lafiyar a ƙarƙashin tamfol. Kofi yana share hawayen dariya ya ce me ya hana shi Bashirun zuwa da kansa, ai ya san wannan aikin sarai. Malam Garba ya dube ni, na dube shi. Ni na faɗa masa.

Kofi ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Sai ya ɗora hannu biyu a ka ya fashe da kuka da ƙarfi, a gaban ma'aikatansa, yana kiran Bashiru, Bashiru, Bashiru. Ya sa aka kawo ruwa ya zuba a ƙasa, wai haka suke yi wa wanda ya tafi, yana yi masa magana da yarensu kamar yana tsaye a wurin. Da farko haushi na ji, na ce a raina wannan wane irin ƙaton banza ne, da furfurarsa yana ihu kamar mace ta rasa miji. Amma da ya ci gaba da kiran sunan sai haushin ya tafi. Wannan baƙon mutum, wanda ba dangin iya ba na baba, ya kira sunan yaron nan a zama ɗaya fiye da yadda ubansa ya samu ya kira shi tun ranar suna. Na zauna a ƙasa kusa da tayar, na yi kukan da ban yi ba a Limawa.

Da muka natsu ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce robar irin wannan rufi bushewa take yi, in ta bushe sai ta riƙa goga da ƙarfe. Bashir ya san haka, duk sauyin yanayi yakan ɓalle faifan ya wanke robar ya shafa mata wani farin mai da Kofin ke ba shi. Ashe motar ba ta taɓa kuka a hannunsa ba don yana kula da ita ne, ta fara ne da hannun ya tafi. Giris da baƙin mai kuwa, in ji Kofi, cin roba suke yi, su suka ƙarasa ta.

Tunda ban kawo motar ba, ya ce ni zan zama makanikin. A bayan garejin akwai wata irinta sak da hatsari ya cinye wa gaba, amma rufinta garau. A kanta ya koya mini, kuma bai taɓa ɗaukar sifana ya yi mini ba, sai dai ya tsaya ya ce in sake. Na koyi ɓare tsohuwar roba da kankare kwatarta har ta yi fes. Na koyi duba 'yan sandunan ƙarfen da ke shiga rami su riƙe faifan, da 'yan zobban roba da ke cikin ramukan, waɗanda in sun cinye faifan ke samun wurin motsi. Ya nuna mini yadda ake matsa sakata kaɗan-kaɗan, don in ka cika ɗaurewa gilashin na iya tsagewa. Ya kuma nuna mini dabarar takarda: ka sa siririyar takarda tsakanin faifai da roba ka rufe, ka ja. Inda ta riƙe lafiya, inda ta zare salin-alin nan ne aikinka yake. Da za mu rabu ya ciro robar wannan motar da zobbanta, ya haɗa da gwangwanin farin man, silikon suke ce masa, ya ce in kai wa uban Bashiru, gaisuwarsa ke nan.

Dawowa ba ta da labari, sai gajiya. Na iso Maitumbi na yaye tamfol na tarar kazar Balki ta yi ƙwai a kujerar direba. Na kwashe su, na wanke motar, na fara aiki a tsakar gida. Kankare ɓarnar giris ɗin nan shi ya fi cin raina, na yi ta yi da ruwan ɗumi da sabulu ina tsine wa silifa. Na sa sabuwar roba da zobba, na shafa farin man da yatsa na bar shi ya shiga, na goge, na bi ko'ina da takarda. Sannan na ɗauki Balki muka hau hanyar Gwada inda ramuka suka fi yawa, ita tana dafe rufin da tafin hannu wuri-wuri don mu gane inda sauran ƙarar take. Akwai wata 'yar ƙara da ta rage a kusurwar baya ta ɓangarenta, na tsaya na ƙara wa sakatar ɗan juyi. Muka sake bin ramukan nan da gangan, na faɗa wannan na faɗa wancan. Ba abin da muke ji sai inji da tayoyi. Balki ta ce alhamdu lillahi.

Ranar wata Asabar da hantsi na kai motar Limawa na tsayar a ƙofar gida. Na sami Yaya a zaure a kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi na ba shi labarin tafiyar tun daga tasha, da Mama Ladi, da boda, da gaisuwar Kofi. Kukan da Kofi ya yi da kiran sunan ne kawai na tsallake, don ban san yadda zan faɗa masa ba. Ya saurare ni kansa a sunkuye. Da na gama ya tambaye ni, wato har Kwatano na je da tsufana saboda wannan? Na ce e. Na ce ba na roƙonsa komai sai ya zo ya ji da kunnensa, in ta yi ko ƙiƙ sau ɗaya ni da kaina zan dawo da shi, kuma ba zan sake tayar da maganar ba har abada.

Sai ya ce a miƙo masa takalmansa.

Maƙwabta suka miƙe tsaye da suka gan shi a waje, na yi musu alama da ido kowa ya koma ya zauna. Na taimaka masa ya shiga, don motar ta yi ƙasa da yawa ga mai ciwon gwiwa. Muka fita ta Bosso muka kama hanyar Zungeru. Ina tuƙi ina sauraron rufin kamar mai jiran hukunci, duk ramin da muka shiga sai in ƙara kasa kunne. Shiru. Muka wuce Maikunkele, shiru. Gonaki sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu, Yaya yana kallon waje hannayensa a kan gwiwa. Na fara jin daɗi a raina, har ina shirya yadda zan ba Balki labari.

Can bayan mun wuce Beji na waiga na ga hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan riga, bai share ba. Tunda nake da Yaya ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Na kasa kunne da kyau ko rufin ne ya fara, ban ji komai ba.

Ya ce, "Ka gyara ta, Isiyaku. Ta yi shiru." Ya ja numfashi. "Ashe ba motar ɗanka ba ce. Har yanzu ina ji."

Na ɗauke ƙafa daga kan mai, na fara neman gefen da zan tsaya in juya. Ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa sitiyari.

Ya ce, "Kada ka tsaya. Mu je."

Na mayar da ƙafata, muka ci gaba har Zungeru.